Bayani Mai Gamsarwa Kan Saɓanin 'Yan Duhu da 'Yan Shafa a Ƙasar Kazaure

Ka sani, ya kai mai neman sani, hoto iri biyu ne: akwai wanda ake haifa a ɗakin duhu, akwai wanda ake haifa a aljihu. Masana wannan fanni daga Kazaure zuwa Roni, daga Gwiwa zuwa Babura, sun daɗe suna kai ruwa rana kan wanne ne a cikinsu ya cancanci sunan hoto. In na ce masana, ina nufin duk wanda ya taɓa zama gaban kyamara ya tashi bai gamsu da abin da aka ba shi ba. Da wannan ma'auni kuwa, yankin nan bai taɓa fama da ƙarancin masana ba.

Sun kasu mazhaba biyu. Ta farko ita ce ta 'Yan Duhu, masu cewa hoto baƙi da fari ne, a kan takarda, wanda ya sha magani a faranti uku, kuma duk abin da ba haka ba kallo ne kawai. Ta biyu ita ce ta 'Yan Shafa, waɗanda suka samo laƙabinsu daga yadda suke wuni suna shafar fuskar waya da babban yatsa. Su a wurinsu hoto shi ne abin da aka ɗauka yanzu, aka tura yanzu, aka manta da shi yanzu. Akwai wani ɗan gungu na uku mai cewa kowa ya yi abin da ya ga dama, amma ba a kula shi, don bai iya musu ba.

Fasali kan asalin lamarin

Asalin hoto ɗaki ne. Hasan Ibnul Haisam, haifaffen Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya yi bayanin cewa idan aka rufe ɗaki ruf aka bar 'yar huda, abin da ke waje zai shigo ya zauna a jikin bango, kai ƙasa ƙafa sama. Duk yaron da aka taɓa tilasta wa barcin rana a ɗaki mai ƙyauren langa-langa da ƙusa ta huda ya ga wannan da idonsa, inuwar masu wucewa tana tafiya a bango a juye. Abin da ya raba shi da Ibnul Haisam shi ne bai rubuta Kitabul Manazir ba, kuma da ya faɗa wa manya sai aka ce ya rufe ido ya yi barci.

Wahalar da ta rage ita ce ta kama inuwar nan a hana ta tafiya. An gano cewa wasu gishiran azurfa suna yin baƙi in haske ya taɓa su, aka yi murna. Sai dai ba su san tsayawa ba: hoton yana fita, in ka kawo shi haske don ka kalla, sai ya ci gaba da baƙi har ya shafe gaba ɗaya. Wato hoto ne mai kyau muddin ba a gan shi ba, kuma har yau akwai irinsa. A 1819 wani Bature ɗan Ingila, John Herschel, ya gano maganin da ke narkar da gishirin azurfar da haske bai taɓa ba, wanda masu hoto ke kira haifo. Wannan ita ce shekarar da littattafan tarihi ke bayarwa ta kafuwar masarautar Kazaure a hannun Ɗan Tunku. Ban ce akwai alaƙa tsakanin abubuwan biyu ba. Na dai ajiye su kusa da juna, mai hankali ya duba.

Hoto mafi tsufa da ya rage a duniya na wani Bafaranshe ne, Niépce, wanda ya ɗauka daga tagar gidansa wajen 1826 ko 1827, kuma sai da kyamarar ta yi aƙalla awa 8 a buɗe. A 1838 Daguerre ya ɗauki wani babban titi na birnin Faris mai cike da mutane da kekunan doki. Hoton ya fito titi wayam. Duk mai motsi ya ɓace, sai wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi, da ɗan alamar shushainan a durƙushe. Daga nan malaman fannin suka ciro ka'idarsu ta farko, wadda ba a soke ta ba har yau: wanda ya tsaya cak ana yi masa hidima shi ke shiga tarihi, masu kai-komon neman abinci kuwa ba sa fitowa.

Fasali kan duhu da rabe-rabensa

Jahili yana zaton duhu ɗaya ne. Duhu uku ne. Akwai duhun dare, wanda ba ya amfanar mai hoto sosai, don farin wata da cocilan maƙwabci suna ɓata shi. Akwai duhun ɗauke wuta, wanda shi ne mafi yawa kuma mafi araha a ƙasar nan, amma ba ya aiki, domin ɗakin duhu yana buƙatar wutar lantarki kafin ya yi duhun da ake so: da ita ake kunna jar fitila, da ita ake kunna injin faɗaɗa hoto. Na uku shi ne duhun da aka gina da hannu, da baƙin bargo a bakin ƙofa, da tsumma a ƙasan ƙyaure, da kwali a taga. Shi ne duhu mai daraja, don an sha wahalarsa.

Ga yadda aikin yake. Fim ba ya son kowane irin haske, ko ja ko fari, saboda haka a baƙin duhu ake zaro shi daga gwangwaninsa, da lalube, a naɗe shi a cikin tankin wanki. In ya wanku ya bushe, sai a sami dodon hoto, inda komai ya juye: farar babbar riga ta zama baƙa, baƙar fuska ta zama fara tas, haƙora sun zama gawayi. Takardar hoto ita ce mai sauƙin kai, don jan haske ba ya damunta. Sai a sa dodon a injin, a saukar da surarsa kan allo, a murɗa har gashin gira ya fito ɗaya-ɗaya, sannan a shimfiɗa takarda a ba ta haske na 'yan daƙiƙu. Mai hoto yana ƙirgawa a zuci, kuma a wannan lokaci ko gobara ake yi a waje ba ya amsa sallama.

Takardar tana fitowa fara fat, ba ko ɗigo. A faranti na farko ake tsoma ta, ana ɗan girgiza farantin. Da fari ba komai. Can sai ƙwayar ido biyu su bayyana, sai aikin hula, sai inuwar ƙarƙashin haɓa, sai ga Alhaji sukutum yana kallonka daga cikin ruwa, cikin minti ɗaya zuwa biyu. Mai ɗakin duhu ɗan'uwan marini ne: shi ma marini yana zaro zane daga karofi kore-kore, sai ya tsaya yana kallon iska na mayar da shi shuɗi, kuma dukansu biyun a farce ake gane su. Faranti na biyu ruwa ne mai tsami, mai warin binega, aikinsa ya ce wa na farko ya isa haka. Na uku shi ne haifon Herschel. Daga nan sai ɗauraya da ruwa mai yawa, wanda ga takarda mai kauri ta da yana iya cin rabin awa har zuwa awa guda. Wanda ya yi rowar ruwa a wannan mataki asirinsa ba ya tonuwa nan kusa. Sai bayan shekaru, hoton ya yi rawaya, fuskar amarya ta koma launin shayi, a lokacin kuwa shi mai hoton ya riga ya koma sayar da batir.

Akwai kuma reshe na wannan mazhaba da ba ya buƙatar ɗaki ko lantarki, wato mai akwatin katako mai ƙafa uku, wanda ake samu a bakin kotu ko gidan waya ko cin kasuwa, mai hoton fasfo na jira-ka-karɓa. Shi ɗakin duhunsa yana cikin akwatin. Ya zaunar da kai jikin baƙin ƙyalle, ya ce, "Malam, a ɗan ɗago haɓa. Yawwa. Kada a motsa." Ya cire murfin idon kyamara da hannu, ya ƙirga, ya mayar. Sai ya zura hannu ta wani dogon hannun riga da ke jikin akwatin, ya wanke takardar a 'yan farantan da ke ciki yana leƙe ta wata huda. Abin da zai fito dodo ne a takarda. Sai ya manna shi da jiƙonsa a wani ɗan allo gaban kyamarar, ya sake ɗaukarsa, don dodon dodo shi ne mutum. Wannan ka'ida ta lissafi ce, kuma tana aiki a wasu fannonin ban da hoto.

Mas'alar zafi da ƙura

Turawan da suka haɗa maganin wanki sun rubuta a jikin kwali cewa a yi aiki da shi a ma'aunin zafi 20. Wannan ya nuna ba su taɓa zuwa Babura a watan Afrilu ba, inda ma'auni ke haura 40, ruwan bokiti ma sai an bar shi ya huce kafin a yi alwala. In magani ya yi zafi yana gaggawa: fim ya yi duhu fiye da kima, hoto ya yi tsakuwa-tsakuwa, wani lokaci fatar fim ɗin ta yi laushi ta saɓule, ango ya zame daga jikin amarya. Mafita ita ce randa. Mai hoto mai basira yana jiƙa kwalaben magani a ruwan randa, ya yi wankinsa da asuba kafin gari ya ɗau zafi. Wanda ke ganin randa ba kayan kimiyya ba ce ya tuna da Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a nan Jigawa, wanda ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, aka ba shi kyautar Rolex a shekarar 2000.

Hunturu kuma da nasa sharrin. Ƙwayar ƙura ɗaya in ta sauka kan dodo tana tare haske, sai ta fito farin ɗigo a takarda, kuma injin da ya faɗaɗa fuska shi ke faɗaɗa ƙurar. Bincike ya tabbatar da cewa ƙura ba ta sauka a kan bango ko labule. A kan hanci take sauka. Maganinta ɗan buroshi mai tsini da baƙin ruwa, a bi ɗigo-ɗigo a toshe.

Fasali kan bayyanar 'Yan Shafa

Abin da 'Yan Duhu ba sa so a tuna musu shi ne a gidansu aka haifi kishiyar. A 1975 wani injiniya mai suna Steven Sasson ya haɗa kyamarar dijital ta farko, kuma a kamfanin Kodak yake aiki, uban masu sayar da fim na duniya. Nauyinta ya haura kilo 3 da rabi, tana ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta zuba hoto ɗaya a kaset. Abin da 'Yan Shafa ba sa so a tuna musu kuma shi ne hoton nan baƙi da fari ne. Kodak bai yi gaggawar rungumar abin da aka haifa masa ba, don fim na kawo kuɗi. A Janairun 2012 ya kai kansa kotu yana neman a kare shi daga masu binsa bashi.

Nan gida, wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, a zamanin da ɗan Kazaure, Ibrahim Saminu Turaki, ke gwamnan Jigawa, yana ta kiran a rungumi kwamfuta, har aka kafa makarantar koyon ilimin na'ura a garin. Yanzu ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya mai sunan marigayi Sarki Hussaini Adamu a Kazaure, ga jami'ar fasaha ta tarayya da aka kafa a Babura a 2021. Ɗaliban da ke kai-komo a waɗannan wurare kowa da situdiyonsa a aljihu, kuma bakin dam ɗin Kazaure da yammacin ranar Sallah ya zama wurin da duwatsu ke shan ɗauka fiye da yadda suka sha tun da aka halicce su.

Hujjar 'Yan Shafa mafi ƙarfi ita ce lissafi. Kyamarar Sasson ɗigo 10,000 take tarawa a hoto guda. Wayar da aka rubuta wa megafiksel 50 tana tara ɗigo miliyan 50. In ka raba, za ka ga mutumin yau ya kamata ya fi na 1975 fitowa sau 5,000. Lissafin daidai ne, ba mai ja. Sai dai ana roƙon mai karatu ya zaro katin zaɓensa ko takardar lambarsa ta ɗan ƙasa, ya dubi wanda ke jiki, ya faɗa tsakaninsa da Allah ko zai ba wannan mutum aron keke.

Mas'alar wanda ya fi ƙarya

Nan ne 'Yan Duhu ke ɗaga murya. Suna cewa hoton waya maƙaryaci ne: yana da filta mai kankare ƙuraje, mai tsawaita hanci, mai mayar da baƙa wankan tarwaɗa, wankan tarwaɗa fara, fara kuma ta ɓace cikin bango. Suna kawo labarin samarin da suka je zance da hoto a hannu suka yi sallama da wadda suka zo nema suna tambayarta ko yayarta na ciki. Suna nuna hoton ɗan Gwiwa da bai taɓa wuce Ɗambatta ba tsaye gaban dogon benen Dubai, hannu a aljihu.

Duk wannan gaskiya ne. Amma mai adalci ya tambayi tsohon mai hoto me fensir ke yi a ɗakin duhu. Amsar ita ce da shi ake bin fuska a jikin dodo, a hankali, ana ƙara mata duhu, domin abin da ya yi duhu a dodo haske yake yi a takarda. Da shi ake cike ramin tsufa, da shi ake sassauta tabon agana. A ƙarƙashin injin ma ana kare fuska da ɗan kwali a bakin siririyar wayar ƙarfe don ta sha haske kaɗan ta fito fes, a bar riga ta sha da yawa don aikin wuya ya fito. Hajiya ta karɓi hoto ta ce, "Kai, mai hoto, hannunka da kyau." Gaskiya ta faɗa, don aikin hannun ne.

Sai kayan ado. Labulen da aka zana wa bene da jirgin sama, fulawar roba, tarho wadda igiyarta ba ta zuwa ko'ina, rediyon da ba batir, agogon da duk samarin unguwa suka ɗaura ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ja hannun riga sama don ya fito. Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe situdiyonsa a 1948, yana ajiye wa masu zuwa kwat da agogo da alƙalami da rediyo da babur, kowa ya zaɓi arzikin da yake so a gan shi da shi. Bayan shekaru aka kwashi hotunan nan aka rataye a manyan gidajen nuni na Faris da Niyok, masana suna tsayawa gabansu suna gyaɗa kai. Ɗan ƙasarsu Malick Sidibé ma ya karɓi kyautar Zakin Zinariya a Benis a 2007. Abin da aka fahimta daga nan shi ne ƙaryar da aka yi da hannu, in ta tsufa, fasaha take zama. Ta waya ba ta tsufa ba tukuna, shi ya sa ake kiranta da sunanta.

Saboda haka zance mafi inganci a wannan mas'ala shi ne babu mai gaskiya a cikinsu. Bambancin kawai, a da sai ka biya ƙwararre ya yi maka ƙarya, yanzu kowa na yi wa kansa, kuma aikin da ba a biya ba ba ya yin kyau.

Mas'alar murmushi

An yi saɓani kan dalilin da ya sa mutanen tsohon hoto ba sa murmushi. Wasu sun ce saboda daɗewar kyamara a buɗe ne, murmushi ba ya jure ƙirge. Wannan ya yi daidai da zamanin Daguerre da mai akwatin katako, amma bai bayyana fuskar wanda aka ɗauka da kyamarar Yashica cikin ƙiftawar ido ba. Wasu sun ce kamala ce, babba ba ya washe baki a gaban baƙo. Ra'ayin da na fi karkata gare shi shi ne na kuɗi. Mutumin da ya sayar da kaza, ya ari riga, ya tako daga ƙauyen Roni, ya san ɗauka ɗaya ce ba ta biyu, ba shi da abin dariya. Ya zauna, ya dafa gwiwoyi, ya baje yatsu goma don a shaida duk suna nan, ya kafe kyamara da ido. Jikansa kuwa yana turo leɓe, ya karkata kai, ya ɗaga yatsu biyu. Inda sauran takwas ɗin suka shiga, wannan wani babi ne.

Fasali kan jira

Fim ƙarami ɗauka 36 ne, babba mai murabba'i 12. Mai hoto ba ya wanke fim sai ya cika, wannan doka ce da ba ta da togiya. Ma'anarta ita ce hoton sunan da aka yi a Roni yana jiran ɗaurin auren Gwiwa, shi kuma yana jiran saukar karatu a Kazaure. Mutane uku da ba su san juna ba sun zama abokan tarayya a cikin gwangwani ɗaya. Kafin hoton suna ya fito, mai sunan ya fara rarrafe.

Da hoto mai kala ya shigo sai jiran ya ƙaru, domin kala ta fi ƙarfin faranti uku da randa, sai an kai Kano inda injin yake. Ba wani sabon abu ba ne a duniya: kyamarar Kodak ta 1888 tana zuwa da fim na ɗauka 100, in ya ƙare a mayar da ita dungurungum kamfani a Rochester a wanke. Rochester ɗin mutanen Kazaure ita ce Kano, ta hanyar Ɗambatta. Ya kamata a rubuta a nan cewa injin kala na Kano shi ya fara rufe ƙananan ɗakunan duhu, tun waya ba ta zo ba. Waya gawa ta tarar, ta kuma karɓi laifin.

A wannan zamani ne aka sami jumlar da ta fi kowace kashe baki a sana'ar: "Wallahi Alhaji, fim ɗin ne ya ƙone." Ba a ɗaukaka ƙara a kanta. Tana iya zama gaskiya, wani yaro ya buɗe bayan kyamara. Tana iya nufin mai hoto ya wuni yana walƙa fitila a wurin biki alhali ba fim a ciki, don kada a ce bai zo ba. 'Yan Shafa sun gaji wannan jumla sun faɗaɗa ta: waya ta faɗa ruwa, memori ya lalace, mai gyara ya yi mata filashin, an sace ta a kasuwa, na manta lambar buɗewa. Inda 'Yan Duhu ke asarar 36 a tashi ɗaya, su suna asarar dubbai, wanda hakan ci gaba ne ta fuskar adadi.

Mas'alar gado

In mutum ya rasu ya bar hoton takarda, ana samunsa a ƙasan akwati, cikin ambulan, tare da rasiɗin haraji da katin asibiti. A bayansa akwai hatimin mai hoto, gefensa an yanke shi haƙori-haƙori. Maƙiyansa sanannu ne: gara, yoyon damina, ɓera, da almakashin kishiya. Na ƙarshen nan ya cancanci a tsaya a kansa. In aka yanke mutum daga hoton takarda, ba ya fita duka. Kullum ana barin wani abu, gefen mayafi ko yatsu huɗu a kafaɗar maigida. Jika ya ɗauka ya ce, "Hajiya, wannan hannun waye?" Ta ce, "Kai dai ka cika tambaya, ajiye mini abina." Da wannan hannu kaɗai mai bincike zai iya gano aure guda da sakinsa. Waya kuwa in ta goge mutum ba ta barin ko farce, wanda hakan ya fi tsafta, ya kuma fi cutar da ilimi.

Kada 'Yan Duhu su yi saurin murna. Takardar da ke akwati kwafi ce. Asalin yana wurin mai hoto, don dodo nasa ne, da shi yake riƙe ka ka dawo ƙari. Da situdiyo ta zama shagon cajin waya, ina kwalayen dodon suka tafi? Wasu gara ta yi musu karatu, wasu yara sun mayar da su tabarau na kallon rana, wasu an share da su ranar gyaran shago. A ciki akwai hawan Sallah na shekaru, da fuskar kowane ɗalibi da ya nemi shiga makarantar kwana, da kowane maniyyaci da ya yi fasfo tun Kazaure tana cikin jihar Kano, kafin a yanki Jigawa a 1991. Mazhabar da ke alfahari da adana tarihi ita ta zubar da wannan da hannunta.

In kuma mamaci waya ya bari, to ya bar hoto dubu da ɗoriya a bayan lambar da shi kaɗai ya sani. Magada sukan gwada shekarar haihuwarsa, su gwada lambar motarsa, wayar ta ce a dakata minti kaza. Daga nan a kai wa mai gyara, shi kuma ya ce zai buɗe amma komai zai tafi. A mafi yawan lokuta ana amincewa, domin waya tana shiga rabon gado da ƙimarta ta kuɗi, hotunan ciki kuwa ba a taɓa yi musu ƙima ba. Wasu malaman fannin suna ganin wannan rahama ce ga mamacin, musamman in an yi la'akari da abin da kan taru a wayar namiji.

Mas'ala ta ƙarshe, wadda ba a gama da ita ba

Ya halin hoton baƙi da fari da aka wanke a ɗakin duhu, aka sa a firam, sannan jika ya zo ya ɗauke shi da waya ya ɗora a WhatsApp da addu'ar Allah ya jiƙan Baba? Na wace mazhaba ne? 'Yan Duhu sun ce nasu ne, don a farantinsu aka haife shi. 'Yan Shafa sun ce nasu ne, don shekara da shekaru yana rataye a ɗakin da ba mai shiga, sai da suka taɓa shi 'yan'uwa na Maraɗi da Legas da Jidda suka gan shi a dare ɗaya. Abin ya ƙara rikicewa da aka sami manhajar da ke zuba wa tsohon hoto kala bisa zato, ta ba rigar da kowa ya san fara ce launin ruwan hoda, da wata manhajar mai sa mamaci ya ƙifta ido ya yi murmushi, abin da bai taɓa yi wa iyalinsa ba yana raye.

Ɓangarorin biyu dai sun haɗu a kan sharaɗi guda. Wanda zai ɗauki irin wannan hoto ya fara cire gilashin firam ɗin, ko kuwa ya kashe fitilar wayarsa ya fito da shi inuwa. In bai yi haka ba, abin da zai yaɗa wa dangi shi ne farin tabo a goshin marigayi, da surar shi jikan a kan babbar rigar kakansa, riƙe da waya, cikin singileti.